AMSOSHIN WASIƘUNKU: Rumbun Hatsin Amurka Da Mai Zane Ya Kira "Masar Tawa"

A wannan fili mukan ɗauko amsoshin da aka bayar ta rediyo mu buga su a takarda, domin wanda shirin ya wuce shi yana gona ko yana kan hanyar kasuwa ya samu ya karanta a tsanake, ko ya sa yaro ya karanta masa. A wannan mako tambaya ɗaya ce za ta cinye mana filin baki ɗaya, saboda amsarta tana da rassa.

TAMBAYA

Wani mai sauraronmu, manomi kuma mai awon hatsi daga ƙasar Funtuwa, ya rubuto yana cewa: "Na ji an ce a Amurka akwai wani zane na ma'ajiyar hatsi ta wani kamfani, ba mutum ba dabba a cikinsa, amma an rataye shi a wani babban gidan ajiye zane-zane, mutane suna zuwa takanas su kalle shi. Kuma wai sunansa Masar. Don Allah a yi mini bayani, mene ne abin kallo a jikin ginin masana'anta? Kuma me ya haɗa rumbun Amurka da ƙasar Masar?"

AMSA

To Malam, mun gode da wannan tambaya, kuma wanda ya ba ka labarin bai yi maka ƙarya ba. Zanen yana nan. Wani Ba'amurke mai suna Charles Demuth ne ya yi shi a shekarar 1927, ya sa masa suna My Egypt, wato "Masar Tawa". Yana gidan zane-zane na Whitney da ke birnin Niyok, wanda ya saye shi tun 1931. Ba wani ƙaton abu ba ne. Tsawonsa santimita 91 ne, wato kamar yadi ɗaya na mai sayar da atamfa, faɗinsa kuma santimita 76. An yi shi da fentin mai da alli da fensir a kan allo irin na matsattsen katako.

Kafin a gane abin da ake kallo a jikinsa sai an san abu uku: wane irin gini ne aka zana, a wane zamani aka zana shi, kuma wane ne mai zanen. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan mu dawo kan zanen kansa.

GININ DA AKA ZANA

Ginin ma'ajiyar hatsi ce ta kamfanin John W. Eshelman da 'ya'yansa, masu harhaɗa abincin dabbobi da na kaji a garin Lankasta, cikin jihar Fensilbaniya ta gabashin Amurka. An gina shi da kankare da ƙarfe a 1919, shekara ɗaya bayan ƙare Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ƙasar Lankasta ƙasar noma ce mai albarka, ana noma masara da alkama da taba, ana kiwon shanun madara da kaji.

Irin wannan gini rumbu ne, sai dai aikinsa ya bambanta da na rumbun da kuka sani. Manomi yakan kawo hatsinsa a keken doki ko a mota, zube, ba a buhu ba. Sai a auna shi da babban sikeli, a ɗebi kaɗan a duba bushewarsa da yawan tsakuwa da ƙaiƙayin da ke ciki, a ba shi daraja ta ɗaya ko ta biyu ko ta uku. Daga nan sai a juye shi cikin rami a gindin ginin. A cikin ramin akwai wani dogon bel mai ɗauke da ƙananan gugaye jere, inji yana juya shi. Kowane guga ya ɗebo hatsi ya hau da shi can ƙololuwar gini ya zubar, daga nan bututu ya kai shi cikin ɗaya daga cikin dogayen tankunan kankare. Ranar da za a fitar kuwa ba a bukatar ɗan dako. Ƙofa ake buɗewa a ƙasa, nauyin hatsin da kansa ya turo shi ya kwararo cikin taragon jirgin ƙasa ko cikin injin niƙa.

An fara wannan dabara a birnin Bafalo a 1842 zuwa 1843, lokacin da wani ɗan kasuwa mai suna Joseph Dart da wani injiniya Robert Dunbar suka gina ta farko mai aiki da tururi. Na farkon duk da katako aka yi su, gobara kuma ta riƙa lashe su, domin ƙurar hatsi in ta taru a rufaffen wuri ta haɗu da tartsatsi, fashewa take yi kamar albarushi. Shi ya sa a 1899 aka gwada yin tanki zagayayye na kankare kusa da birnin Miniyafolis, aka ga ya riƙe hatsi bai tsage ba, sai salon ya bazu.

Ku lura da abu ɗaya a nan, domin za mu dawo kansa. Da zarar hatsin manomi ya shiga wannan rami, ya gauraye da na sauran mutane ke nan. Ba zai sake ganin nasa ba. Abin da zai riƙe a hannu kuɗi ne ko takardar shaida mai nuna nauyi da daraja. Mai gini shi ke da sikeli, shi ke faɗin daraja.

ZAMANIN DA AKA YI ZANEN

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ci daga 1914 zuwa 1918, Amurka kuma ta shiga a 1917. Gonakin Turai sun zama fagen fama, manomansu sun tafi soja, sai Turai ta dogara da alkamar Amurka. Gwamnatin Amurka ta tsayar da farashin alkama sama da dala 2 a kan kowane bushel, wato wani ma'auni nasu da ya kai wajen kilo 27. Kada a rikice, dala a nan kuɗin Amurka muke nufi, dalar Masar tana tafe. Manoma suka ga kasuwa ta buɗe, suka ci bashin banki suka ƙara gonaki, suka sayi tarakta.

Da yaƙi ya ƙare Turai ta koma gona, gwamnati ta janye hannunta daga farashi. Zuwa 1921 alkama ta faɗo wajen dala 1, masara ma ta zube ƙasa da rabin kuɗinta. Bashi kuwa bai ragu da ko anini ba. Manoma da yawa suka rasa gonakinsu, 'ya'yansu suka nufi birni neman aikin masana'anta. Ƙidayar jama'a ta 1920 ita ce ta farko da ta nuna mazauna birane a Amurka sun fi mazauna karkara yawa. Saboda haka shekarun 1920 shekarun wadata ne ga masu masana'antu da 'yan birni, amma ga manomi shekarun ƙunci ne, tun kafin babban karayar tattalin arziki ta 1929.

Rigima tsakanin manoma da masu manyan rumbuna kuwa ta daɗe. A yankunan alkama na tsakiyar ƙasar manoma sun sha kuka cewa ana rage musu daraja wajen saye, a ɗaga ta wajen sayarwa. Maganar kuɗin ajiya ta kai har Kotun Ƙoli a 1877, kotun ta yanke cewa jiha tana da ikon ƙayyade abin da masu rumbuna za su caza. A jihar Dakota ta Arewa manoma suka haɗa kai a siyasa har suka sa jihar ta gina nata rumbun da injin niƙa, aka buɗe a 1922, yana aiki har yau. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Wannan rigima ba a Lankasta aka yi ta ba, kuma ba da kamfanin da aka zana ba, amma duk Ba'amurken wancan zamani in ya ga irin wannan dogon gini ya san alama ce ta arziki, kuma alama ce ta iko a kan abincin jama'a.

MAI ZANEN

An haifi Charles Demuth a Lankasta a 1883, a gidan 'yan kasuwa masu shagon taba da kakanninsa suka buɗe tun 1770. Tun yana ƙaramin yaro ya samu ciwon ƙugu da ya bar shi da ɗingishi, yana dogara sanda har ƙarshen rayuwarsa. Ya koyi zane a birnin Filadelfiya, ya je Faris ta Faransa fiye da sau ɗaya, har ya zauna can daga 1912 zuwa 1914, daidai lokacin da sabon salon zane yake tashe.

A farkon shekarun 1920 aka gano yana da ciwon sukari. A lokacin babban maganin da likitoci suka sani shi ne a hana mara lafiya abinci sai ɗan abin da zai riƙe rai, an kuwa yi masa haka har ya rame ƙwarai. Allah ya sa a 1921 aka gano allurar insulin a birnin Toronto na Kanada, Demuth ya shiga cikin mutanen farko da aka yi wa ita a Amurka. Ta ja masa kwana amma ba ta mayar masa da ƙarfi ba. Ya koma gidan mahaifiyarsa a Lankasta, yana aiki a wani ɗan ɗaki a sama mai kallon lambunta. Daga 1927 zuwa 1933 ya yi zane guda bakwai na masana'antun garinsu, wannan na rumbu shi ne na farkonsu. Ya rasu a 1935 yana da shekara 51. Gidan nasa yanzu ya zama gidan tarihi.

ABIN DA IDO ZAI GANI

Yanzu ga zanen. Tunda gani ya kori ji, duk wanda ke da wayar hannu mai shiga intanet, ko yake da yaro mai ita, ya sa a rubuta sunan mai zanen da sunan zanen, zai fito. Ga wanda ba shi da hali kuwa, bari mu zama idonsa.

A tsakiya akwai tankuna biyu farare, dogaye, zagayayyu, manne da juna, sun kusa cika allon daga ƙasa zuwa sama. A kansu akwai wani ɗaki mai kusurwa huɗu da 'yan tagogi, can ne gugayen nan suke zubar da hatsi. Akwai bututan shan iska a kan rufi, da bututun hayaki a gefe. A can ƙasa kuma ga rufin wasu gajerun gine-gine masu duhun launi, kai ka ce sun durƙusa a gaban babban. Sai kuma abin da ya fi jan ido: wasu faffaɗan layuka miƙaƙƙu, kamar an ja su da rula, sun gangaro daga sama a karkace, suna gicciye juna, sun ratsa sararin sama sun ratsa ginin, sun yanyanka zanen gunduwa-gunduwa, wani gefen da haske wani da inuwa.

Abu na farko da mai kallo zai tambayi kansa shi ne, a ina mai zanen ya tsayar da ni? Demuth ya tsayar da mu a ƙasa, muna ɗaga kai. Da ya ga dama da ya zano ginin daga nesa, ya zama ɗan abu a tsakiyar gari. Sai ya matso da mu gindinsa, yadda manomi yake tsayawa ranar da ya kawo kaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin hasumiya ko ƙatuwar kuka ya ɗaga kai ya san yadda mutum yake jin kansa ƙarami. Gajerun rufin nan na ƙasa ma'auni ne, da su ido yake gane girman na tsakiya.

Abu na biyu shi ne, me ya ƙara wanda babu shi a zahiri? Layukan hasken nan ne. Ba wanda zai je Lankasta ya ga rana tana yanka gini haka. A tsofaffin zane-zanen Turai, in an ga haske yana saukowa daga sama a kan wani abu, alama ce ta girmamawa, irin wadda ake yi wa abu mai tsarki. Demuth ya ɗauko wannan alama ya ɗora wa ma'ajiyar abincin kaji. Kuma in an lura, inda layukan suka gicciye juna suna fitar da siffar kusurwa uku, faffaɗa a ƙasa mai tsini a sama. Siffar dala ke nan. Bai zana dalar Masar ko ɗaya ba, amma ya ɓoye surarta a cikin haske.

Abu na uku, wanda ya fi duka nauyi, me ya cire? Malam, kai da ka san wurin awo ka san yadda yake: ƙura, hayaniya, motoci, 'yan dako, tsuntsaye suna tsintar abin da ya zube, ana ciniki ana musu. A zanen nan ba ko ɗaya. Babu manomi, babu lebura, babu doki, babu ko ƙwayar hatsi guda. An share wurin tas, ya yi tsit. Gini ne da gumin manoma ya cika, amma manomin ba ya ciki. Wani ya kalla ya ce tsafta da tsari ne na sabon zamani. Wani kuma ya kalla ya ce wannan shirun irin na maƙabarta ne. Duka biyun suna nan a jikin allon, mai zanen bai raba gardama ba.

Abu na huɗu launi ne. Fari da toka-toka da shuɗi-shuɗi ne suka rinjaya, sai ɗan ja mai duhu da baƙi. Babu koren ganye. Launin gona bai shiga ba sam, launin siminti da ƙarfe da sama kawai aka bari.

ME YA SA BAI ZANA SHI YADDA YAKE BA?

Wani zai ce, to in gwani ne me ya hana shi zana ginin sak? Amsa ita ce, tun 1839 aka fito da na'urar ɗaukar hoto, kuma kafin zamanin Demuth ta riga ta ƙwace wannan aiki. In kamanni kawai ake so, mai hoto zai gama cikin ƙiftawar ido. Idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Masu zane suka koma neman abin da na'ura ba ta iya nunawa, wato yadda abu yake a zuciyar mai kallonsa.

A Faris, daga wajen 1907, Pablo Picasso da Georges Braque suka fara farfasa siffar abu zuwa murabba'i da kusurwa da da'ira, suna nuna shi ta fuskoki da yawa a lokaci ɗaya. Demuth ya ga wannan da idonsa. Amma shi da wasu 'yan ƙasarsu, irin su Charles Sheeler wanda ya zana masana'antar motoci ta Ford a 1930, ba su farfasa abu har ya ɓace ba. Sun bar gini a gane shi, sai dai sun tace shi, sun daidaita layukansa, sun kawar da tarkace. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san aikin hannu. Mai ɗinkin babbar riga da ya yi aska takwas, ba wanda ya ce masa askar ba ta yi kama da ta wanzami ba. Ya ɗauki siffar ne ya tace ta har ta zama ado mai ma'ana. Haka magini da ke yi wa soro zanen dagi.

Akwai kuma wani dalili. Amurkawa na wancan lokaci suna jin Turawan Turai sun raina su, wai ba su da tsofaffin fadoji da manyan gine-ginen tarihi. Sai ga shi masanan gini na Turai da kansu sun fara yaba rumbunan Amurka. A 1913 wani Bajamushe, Walter Gropius, ya buga hotunansu ya kwatanta ƙarfin surarsu da gine-ginen Masar ta dā. A 1923 wani mashahurin mai tsara gini a Faransa, Le Corbusier, ya sa hotunansu a littafinsa a matsayin abin koyi. Abin da ya burge su shi ne ginin ba shi da ado ko kaɗan, aikinsa ne ya ba shi siffarsa. An yi tankin zagayayye ne domin hatsi yana tura bango ta kowane gefe daidai, kuma bango mai zagaye ya fi jure wannan turi. Magabatanmu da suka gina rumbun ƙasa zagayayye sun san haka tun ba a zo da siminti ba.

TO ME YA KAWO MASAR?

A nan ne masana zane suka yi wa sunan fassara uku, kuma kowace tana da madogara.

Ta farko alfahari ce. A watan Nuwamba na 1922 wani Bature ɗan Ingila, Howard Carter, ya gano kabarin Fir'auna Tutankhamun kusa da Luksor, cike da zinariya. Labarin ya game duniya, Amurka ta kamu da son duk abin da ya shafi Masar, har a tufafi da adon gidaje. Sai mai zanen ya zama kamar yana cewa, Masar tana da dalarta, ni ma ga tawa a bayan gidanmu. Akwai kuma tsohon zancen da ya haɗa Masar da rumbu, wato labarin Annabi Yusuf, alaihissalam, wanda ya sa aka tara hatsi a shekaru bakwai na damina mai kyau domin shekaru bakwai na fari. Musulmi da Kirista duk sun san shi. Turawan zamanin dā har sun ɗauka dalar Masar su ne rumbunan nasa, an ma zana su haka a rufin wata tsohuwar majami'a a birnin Benis na Italiya. Bincike ya nuna ba haka ba ne. Dalar kaburburan sarakuna ne, cikinsu kusan duk dutse ne, ba wurin zuba hatsi. Babbar cikinsu, ta Fir'auna Khufu, ta kai shekara 4,500, tsawonta na asali kuma wajen mita 146.

Ta biyu kishiyar ta farko ce. Ga mutanen da suka tashi da karatun Baibul, kamar mutanen Lankasta, Masar ita ce ƙasar bauta, inda Fir'auna ya gallaza wa Bani Isra'ila kafin Annabi Musa, alaihissalam, ya fitar da su. A zamanin Demuth kuma kowa ya ɗauka bayi ne suka gina dala. Tonon da aka yi a Giza daga 1990 ya gano kaburburan maginan da unguwarsu da gidajen gasa burodinsu, ya nuna ma'aikata ne 'yan ƙasa da ake ciyarwa, amma wannan sani ya zo bayansa. A bisa wannan fassara, sunan tambaya ce: wannan ƙaton gini da muke taƙama da shi, gumin wa ya gina shi, kuma wa yake yi wa bauta? Abin da ke ƙarfafa wannan shi ne Demuth ya saba sa wa zanensa suna mai habaici. A 1921 ya zana masana'antar ƙarfe da hayaƙinta yana murɗawa, ya kira zanen turaren sabuwar majami'a, wato mutane sun mayar da masana'anta wurin ibada.

Ta uku ta shafi shi kansa. Bai ce Masar kawai ba, ya ce tawa. Mutum ne da ya saba da Faris da Niyok, ciwo ya tsare shi a garinsu, don haka Lankasta ta zama masa wurin da ba ya iya fita. Dala kuma kabari ne da sarki yake ginawa tun yana raye domin kada a manta da shi. Mai zanen ya san kwanansa ba su da yawa. Mu ƙara da namu tunanin: mutumin da likita ya taɓa yi wa magani da yunwa, shi ne ya zauna ya zana gidan abinci rufe ruf, ba a ga ƙwaya ɗaya a waje ba.

Ba dole ne a zaɓi ɗaya a jefar da biyu ba. Zanen da ya amsa sunansa kamar karin magana yake, ana juya shi ta fuska fiye da ɗaya kuma kowace ta zauna.

Mu ma nan mun taɓa kiran tarin amfanin gona da sunan dala. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya bunƙasa, aka riƙa jera dubban buhuna ana tayar da dalar gyaɗa kafin a kwashe zuwa Ikko. An buga hotonta a takardun kuɗi da katin gaisuwa, ta zama abin taƙamar Arewa, har fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 da komawar hankalin gwamnati kan man fetur suka kawar da ita. Dattawan da suka noma gyaɗar nan sun san alfaharin, sun kuma san wanda yake yanka farashi a lokacin. Wanda ya riƙe waɗannan biyun a zuciya ya riga ya fahimci rabin zanen Demuth.

A TAƘAICE

Malam mai tambaya, abin kallo a jikin zanen shi ne hukuncin da mai zanen ya yanke a kowane taki: inda ya tsayar da kai, abin da ya ƙara, abin da ya cire, launin da ya zaɓa, da sunan da ya raɗa. Duk lokacin da ka ci karo da irin wannan zane, a kalanda ne ko a littafin makarantar yara, ka yi masa waɗannan tambayoyi biyar kafin ka ce bai yi kama ba. Kamar duba hatsi ne, ba a tsayawa a bakin buhu, sai an zura hannu ciki.

Rumbu babba yana iya zama na Yusuf, ya ceci gari ranar fari. Yana iya zama na Fir'auna, a tara a hana har farashi ya hau. Kankaren iri ɗaya ne, bambancin yana ga wanda ke riƙe da mabuɗi da sikeli. Wannan tambaya ce Demuth ya rataye a bango a 1927, kuma duk inda ake noma ana ajiya ana awo, ba ta tsufa ba.

A ci gaba da aiko mana da wasiƙu, a rubuta tambaya ɗaya a kowace takarda, a kuma rubuta ta yadda za ta karantu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa a sayar da daraja.